Yadda Ake Kafa Shagon Dukanci Na Nakasassu Da Zai Riƙe Kansa

Wanda ya sayi jaka don tausayi, sau ɗaya yake saye. In ya kai ta gida ɗinki ya warware, ko rini ya zuba a farar rigarsa, ba zai dawo da ƙorafi ba, don yana jin nauyin a gan shi yana ja-in-ja da gurgu a kan jaka. Shiru zai yi, kuma ba za a sake ganin ƙeyarsa ba. Wannan shirun ya fi rashin jari kashe wuraren sana'ar hannu da ake buɗe wa masu buƙata ta musamman, domin masu shagon ba sa sanin inda suka kuskure sai kaya sun taru a kanta. Saboda haka duk abin da ke ƙasa a kan ƙa'ida ɗaya yake tafiya: kayan su zama irin waɗanda mutum zai saya ko bai san wanda ya yi su ba, sannan a tsara aikin ya dace da jikin ma'aikaci.

An ɗauki dukanci ne a nan don dalilai na zahiri. Fata tana kusa, daga majemar Kano zuwa Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, kuma fatar jar akuyar wannan yanki ita ce wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. A zaune ake aikin. Yawancinsa ba ya jiran wutar lantarki. Kuma yana rabuwa gida-gida, yadda makaho da kurma da wanda shan inna ya taɓa kowa zai sami wurin da ya fi kowa iyawa.

A fara da kaya ɗaya

Kuskuren farko shi ne a buɗe da jaka da takalmi da filo da kube da alabe duk a wata guda. Kowane ɗaya da samfurinsa, da kaurin fatarsa, da irin kuskurensa, mai koyo kuwa bai ƙware a ko ɗaya ba. A zaɓi babban abu guda, a haɗa shi da ƙarami guda wanda zai cinye ragowar fata. Jakar rataya da ƙaramin alaben kati sun dace da juna. Takalmi a bar shi tukuna, yana da lamba-lamba, kuma hagu da dama sai sun yi daidai.

Neema Crafts da ke Iringa a Tanzaniya ta fara a 2003 da kurame uku suna yin takarda da kashin giwa, daga baya ta kai ma'aikata fiye da ɗari, har da gidan abinci da kurame ke hidima a ciki. Bombolulu ta Mombasa a Kenya tun 1969 take. Abin ɗauka a wurinsu shi ne farawa da kaɗan. Abin da ba za a kwaikwaya ido rufe ba shi ne kasuwarsu, don su suna da 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa har ƙofa. Shagon da ke Kano ko Zariya ko Katsina, mutanen gari ne za su riƙe shi, su kuwa sun san farashin Kurmi da Ƙofar Wambai.

Mutum shida zuwa takwas sun isa a fara, tare da baduku guda ƙwararre da za a ɗauka da albashi ya zama malami kuma mai duba aiki. Wajen neman ma'aikata a bi ta ƙungiyoyinsu da shugabanninsu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin kurame, da makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Amma kada a karɓi jerin sunaye kawai a ce an gama. Kowa ya zo gwajin sati biyu, a ga hannunsa, a ga zuwansa a kan lokaci, shi ma ya ga ko aikin ya kwanta masa.

Ɗakin aiki

Ƙasa ake nema, ba bene ba. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90. In akwai dakali a bakin ƙofa a zuba gangare da siminti a kan lissafin ɗaya bisa goma sha biyu, wato duk tsayin santimita 10 yana son gangare mai tsawon mita 1.2. Dakali mai santimita 30 ke nan zai ci mita 3.6. Magina sukan gajarta shi don tsimin siminti, sai a wayi gari da tudun da mai keke ba ya iya hawa sai an tura shi, in ya zo sauka kuma keken ya ƙwace masa. Kada a shafe fuskar gangaren ta yi santsi, a ja mata tsintsiya tun simintin yana ɗanye.

A cikin ɗaki a bar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi inda keken guragu zai juya. Keken hannu mai ƙafa uku, irin wanda masu shan inna ke ƙerawa da kansu a Kano, ya fi na asibiti tsawo, ba ya shiga ƙarƙashin tebur, don haka a yi masa rumfa a waje daf da ƙofa.

Maganar tebur tana son tsayawa. Mai keken asibiti yana buƙatar tebur da samansa ke tsakanin santimita 75 da 80, ƙarƙashinsa a buɗe aƙalla santimita 70 don gwiwa ta shige, ba tare da katakon da kafinta ke gittawa a tsakiya ba. To amma da yawa daga cikin waɗanda shan inna ya kama a nan da rarrafe suke tafiya, kuma zaman ƙasa ya fi musu daɗi, dama haka dukawa ke aiki tun kaka da kakanni. Irin waɗannan a ba su tabarma da matashi da ɗan tebur mai tsayin santimita 25 zuwa 35. Kada a yi odar tebur goma iri ɗaya kafin a ga mutanen. A tambayi kowa yadda yake son zama, a auna shi, sannan a kira kafinta. Kayan aiki kuma kada a rataye su sama da inda hannun mai zaune zai kai.

Banɗaki shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ke sa mace ta daina zuwa ba tare da ta faɗi dalili ba. Mai rarrafe da hannu ba zai shiga banɗakin da ƙasansa ke jiƙe ba. A yi masa mazauni mai tsayin kujera, da ƙarfen dafawa a bango, ƙofa ta buɗe waje, ruwa ya gangara gefe guda, a kuma sa wanda zai riƙa tsane ƙasan. Wurin alwala ma a yi masa dakalin zama.

Kurame a zaunar da su suna fuskantar juna da ƙofa, a wuri mai haske, don da ido suke ji. Wanda ya juya wa ɗaki baya an cire shi daga hira da sanarwa. A maimakon ƙararrawa a sa ƙwan fitila da za a riƙa kunnawa ana kashewa. A sani kuma cewa maganar hannu iri biyu ce: wadda kuramen gari suka gada a tsakaninsu, da wadda ake koyarwa a makaranta mai tushe daga Amurka. Mai duba aiki ya koyi wadda ma'aikatansa ke yi. Makafi kuwa abu ɗaya suke roƙo, kada a canja wa kaya wuri. Almakashi da aka ajiye a dama yau ya kwana a dama, kuma kada a bar buhu ko bokiti a kan hanya. Zabiya a nisanta shi daga rana, a ƙara masa fitila a tebur, don yawancinsu ganinsu na da rauni.

Sayen fata

Rabin ingancin jaka a nan ake samunsa ko a rasa shi. Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa ita ce ta gargajiya, tana karɓar rini da zane, bakinta yana goguwa ya yi sheƙi. Wadda kamfani ya jeme da sinadari ta fi laushi da jure ruwa, launinta ya fi daidaita, amma bakinta ba ya goguwa, sai an naɗe ko an shafa masa fenti. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Don jakar rataya a nemi kauri tsakanin milimita 1 da 1.2, alaben kati kuma 0.8 ya isa.

Kowace fata a ɗaga ta a rana a duba bayanta. Inda wuƙar fiɗa ta zarce za a ga haske yana ratsowa, nan ne jaka ke fara yagewa. A duba fuska don tabon ƙazuwa da cizon kaska. A ninka ta gida huɗu a matse. In fuskar ta tsage, ta bushe da yawa ko jimar ba ta ratsa ba. A yanki ɗan gefe a dubi tsakiyar kaurin, in akwai farin layi a ciki to bagaruwa ba ta kai can ba, kuma wannan fatar ce ke tashi da wari da zarar damina ta faɗi. A shinshina. Warin da ke jikin fata a kasuwa ba ya barinta a shago, turare ma ƙara masa muni yake.

Sai gwajin rini, wanda bai kamata a tsallake shi ko sau ɗaya ba. A jiƙa farin ƙyalle, a matse, a goga a fuskar fatar sau ashirin da ɗan ƙarfi. In ƙyallen ya ɗauki launi sosai, haka rigar mai saye za ta ɗauka ranar da ya yi gumi. Ja na karan dafi da baƙi na kuloko suna da kyau in an iya su, amma jan garin rini na kasuwa da ake zubawa da yawa don ya yi haske shi ya fi zuba. In zubar kaɗan ce, a goge fatar da busasshen tsumma har ta daina, a shafa kakin zuma siriri a sake gogewa. In da yawa ce a mayar wa mai ita. A yi wannan sharaɗin da dillali tun kafin a biya.

Fatar mesa da kada da damo a bar su, ko da mai saye ya roƙa. Yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa musu takunkumi, kaya na iya maƙalewa a filin jirgi.

Jakar kanta

Ga awon jaka mai faɗin santimita 25 da tsayin 20. Gaba, 25 da 20. Baya haɗe da marufi, 25 da 35. Gefen da ke zagaye ƙasa da ɓangarori biyu, 6 da 65. Maratayi, faɗin 2.5 da tsawon 120, ninki biyu. Jimla ta kama ƙafa murabba'i biyu da rabi, in aka ƙara kashi 30 cikin ɗari na asarar yanka ta kai wajen uku da sulusi. Fatar akuya mai ƙafa biyar ko shida ke nan jaka ɗaya take bayarwa da alabe biyu ko uku. Mai lissafin jaka biyu a fata ɗaya zai tilasta wa mai yanka ya shiga fatar ciki, wadda ke miƙewa, jakar ta karkace bayan wata guda.

Samfurin yanka kada a bar shi a kwali, bakinsa yana cinyewa, bayan jaka talatin awo ya ragu ba wanda ya lura. A kai wa maƙeri ya fitar da shi a falle na kwano ko alminiyam, ya goge bakin, a huda ramukan ɗinki a jikinsa. Gaba da baya a yanke su daga gadon baya, dogayen yanka kuma su bi tsawon gadon bayan, kada a gitta. Fatar akuya ba ta kai santimita 120 a tsawo, don haka maratayi sai dai a haɗa biyu, ko a yanko daga kirgi, ko a yi shi da tufka. Tufkar ta fi, ga kyau, ga ta aikin da makafi ke yi da sauri fiye da masu ido.

Ana rarraba aikin kamar haka, ko da yake mutum ne ke nuna inda ya dace, ba sunan lalurarsa ba. Yanka na mai ido ne da ƙarfin hannu, kuma masu tuƙa keken hannu sukan zo da ƙarfin kafaɗa da ake so. Shi ne wurin da kuskure ya fi tsada, don haka mutum ɗaya ko biyu kawai za a ba wuƙa. Daga nan a fere bakin fatar ta baya, faɗin santimita ɗaya, a rage rabin kaurin don ɗinki kada ya yi tudu. Sai gam: a shafa siriri a ɓangarori biyu, a jira minti biyar zuwa goma har ya daina kama yatsa, a haɗa, a daddoka da guduma. Mai gaggawar haɗawa da ɗanyen gam zai ga shafi ya kumbura ya saki. Gam ɗin nan yana hawa kai, a yi aikinsa a bakin taga ko a rumfa, a kuma kulle gwangwanin a akwati, don an san abin da yaran unguwa ke yi da sholisho.

Huda ita ce sirrin sa makaho ɗinki. A ja layi milimita 4 daga baki, a huda rami duk bayan milimita 4. Ɗinkin santimita 65 zai ba da rami wajen 162, kuma dole adadin ya zama ɗaya a gaba da gefe, in ba haka ba za a kai ƙarshe a tarar ɓangare ɗaya ya yi saura. A ɗaure kusurwoyi biyu da ɗan zare kafin a miƙa wa mai ɗinki, ya zama alamar da yatsa zai ji. Ɗinkin da allura biyu marasa tsini ake yi, kowace ta bi ramin ta fito ɗaya gefen, shi ya sa ko zare ɗaya ya tsinke sauran ba sa warwarewa. Zaren nailan ko foliyesta da aka ja a kakin zuma, tsawonsa ninki huɗu na tsawon ɗinkin. Na santimita 65 zai kai mita 2.6, ya yi tsawo yana harɗewa, a raba shi biyu daga tsakiyar ƙasa. A ƙarshe a koma baya rami uku, a yanke, a ƙona bakin. Ƙonawar mai ido zai yi. Kafinta ya yi wa kowane mai ɗinki matsi na katako da zai riƙe fatar a tsaye, wanda da shi mai hannu ɗaya ma yana ɗinki.

In za a sa keke, keken tela na gida ba ya jure fata ninki uku, yana tsallake ɗinki yana karya allura. A nemi na masu takalmi da jaka, allura lamba 18 zuwa 21 mai bakin yanka, tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4. In aka matse tazarar, fatar za ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Wanda ƙafarsa ba ta taka feda a sa wa kekensa injin lantarki, a ɗauke abin takawar a mayar inda gwiwar hannu za ta danna.

Gugar baki aikin taɓawa ne: a bi da takardar yashi mai laushi, a shafa ruwan ƙaro, a murza da santsin katako har ya yi sheƙi, a bi da kaki. Zobe da maɓalli a sa na tagulla. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da fatar bagaruwa da laima yana barin baƙin tabo da ba ya fita, don haɗuwar ƙarfe da bagaruwa ita ce asalin baƙin rinin dukawa.

Waɗanda kuturta ta taɓa suna da nasu tsari. Wanda ya sha magani ba ya yaɗa cutar, a faɗa wa sauran ma'aikata wannan a fili tun ranar farko don kada a ware masa kofi. Matsalarsa ita ce hannun da ba ya jin zafi, wuƙa ko basilla ta yanke shi bai sani ba, ciwon ya ruɓe. Kada a ba shi yanka ko wuta. A naɗe ƙotar kayan aikinsa da robar tayar keke ta yi kauri da laushi, a ba shi shafa kaki, guga, ƙirga da ɗaurin kaya, kuma kullum kafin a tashi ya duba hannuwansa a haske.

Mai duba aiki ya rataye jaka ɗaya da aka yarda da ita a bango, kowace sabuwa a gwada da ita. A sa mata bulo mai kilo biyar a rataye kwana ɗaya, a ga ko maratayi zai saki. Wadda ta faɗi gwaji ta koma, ko ta wane ce. Jin nauyin mayar wa nakasasshe aiki raini ne da aka yi wa ado, su ma sun sani.

Ajiya: da damina funfuna ke ci, don haka kada a rufe jaka a leda, a sa ta a jakar yadi a kan kanta nesa da bango. Da hunturu bushewa ce, a ƙara kaki. Man gyaɗa in ya yi yawa yana tashi da wari.

Lissafi da biya

Alƙaluman nan misali ne kawai, kowa ya sa farashin ranarsa. A ce fatar jaka ɗaya ta ci naira 5,000, shafi da zare da gam da zobe 2,000, ladan ma'aikata 4,000. A ce haya da wuta da kuɗin mota da albashin malami sun kama 300,000 a wata. In an fitar da jaka 120, kowace ta ɗauki 2,500, jimla 13,500. A ƙara kashi goma na waɗanda za su lalace, ta kusa 15,000, kuma a kan wannan ake ɗora riba. In kuwa jaka 60 aka fitar, kason ɗawainiyar ya koma 5,000 a kowace. Nan ne shaguna ke nutsewa: suna sa farashi a kan adadin da suke fata, ba wanda suke fitarwa ba. A ƙirga na wata uku a jere, a ɗauki mafi ƙanƙanta.

Kuɗin taimako, ko zakka ce ko tallafin wata ƙungiya, a sa shi a abin da ake yi sau ɗaya: gangare, banɗaki, keke, alawus na masu koyo. Kada a sa shi a rage farashin jaka. Ranar da tallafin ya tsaya farashi zai yi tsalle, masu sari su watse.

Biyan jinga zalla, iya aikinka iya kuɗinka, yana zaluntar wanda lalura ta rage masa sauri, yana kuma sa gaggawar da ke ɓata ɗinki. Albashi zalla kuma yana sa mai himma ya yi sanyi. Abin da ya fi zama lafiya shi ne a haɗa: kuɗin yini tsayayye ga duk wanda ya zo ya yi aiki, sannan ƙari a kan jakunkunan da suka tsallake dubawa, a raba wa duka layin, tun da jaka ɗaya ta bi hannu biyar. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga, amma shagon da ke kiran kansa na taimakon al'umma ya kamata ya sa wannan adadin a gabansa.

Akwai maganar da ba a son faɗa. Wanda ke bara a mahaɗar titi mai cunkoso, musamman ranar Juma'a da watan azumi, yana iya samun abin da ya fi alawus ɗin koyo. In alawus bai ɗauke masa abinci da kuɗin mota ba, zai zo Litinin ya ɓace Alhamis, kuma ba lalaci ba ne, iyali ke jiransa. A sa alawus na wata uku zuwa shida a cikin jari tun farko, a ba da abincin rana, a biya duk sati maimakon ƙarshen wata. Kuɗin mota ma a lissafa shi da gaske, don mai adaidaita sahu yakan caji mai keke kuɗin mutum biyu, makaho kuma wani lokaci da ɗan jagora yake tafe. Ɗaukar shatar adaidaita guda safe da yamma yakan fi arha. Matan aure da waɗanda fita ke yi wa wuya a kai musu fata yankakkiya hudajjiya gida, a ƙirga a rubuta, a karɓa a ƙirge.

Kuɗin kowa ya shiga hannunsa ko asusunsa. Ba na yaya ba, ba na miji ba, ba na ɗan jagora ba, sai in shi ya nema a gaban shaida. Buɗe asusu yana ɗaukar lokaci ga wanda ba shi da yatsun dangwalawa, a fara bin sa tun watan farko. Makaho a karanta masa lissafinsa da baki, kurma a rubuta masa.

Rajista

A Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni a Najeriya, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ana iya yin rajistar sunan kasuwanci, ko kamfanin da ba a raba ribarsa, ko ƙungiya mai amintattu. Akwai kuma ƙungiyar gama kai da ake yi wa rajista a jiha, wadda ma'aikata ke zama masu ita. In so ake a yi ciniki a kuma karɓi tallafi, a raba asusun biyu da littafi biyu, kada a gauraya. Ko wanne aka zaɓa, nakasassun su sami kujera a inda ake yanke shawara, su ga littafin kuɗi. Asusun NSITF na diyyar raunin aiki yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi, fansho kuma yana zama dole in ma'aikata sun kai 15.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. Ba ta tilasta wa kowa sayen jakarku ba, amma tana buɗe ƙofar magana in an shiga ofis da samfuri a hannu.

Kasuwa

Oda mai yawa ita ke riƙe shago: jakunkunan taro, kyautar da banki ko kamfani ke rabawa a ƙarshen shekara, kayan biki da na lefe. A karɓi kafin alƙalami na rabin kuɗi ko fiye, wanda zai sayi fatar duka a lokaci ɗaya daga rini ɗaya, don ja na wannan sati da na sati mai zuwa ba sa zama ɗaya. Kada a karɓi odar ɗari biyar a sati uku in 120 ake yi a wata. Ma'aikatan nan akwai ranar asibiti, akwai ranar da ruwan sama ke hana mai rarrafe fita, don haka a ƙara kwana ɗaya a kan kowane huɗu wajen ba da rana. Ofishin da ya ce a kawo kaya a biya daga baya, a lissafa ko shagon zai iya jiran wata shida.

Baje kolin Kaduna da na Kano da ƙauyen masu sana'ar hannu na Abuja wuraren samun masu sari ne, a je da kati da lambar waya. A WhatsApp da Instagram hoton jakar ne a gaba, a hasken safe, a kan farin yadi, da awo da farashi a rubuce. Labarin wanda ya yi ta ya zo a ɗan kati a ciki, da sunansa na farko in ya yarda. Hoton ƙafar mutum ko sandarsa ba kayan talla ba ne, kuma duk hoton da za a sa a nemi izini, a nuna wa mai shi, makaho a kwatanta masa.

Fitarwa waje a jira sai an shekara ana sayarwa a gida ba a dawo da kaya ba. Tana son rajista da hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya waje, kuma Tarayyar Turai tun 2015 ba ta karɓar kayan fata masu taɓa jiki in sinadarin kuromiyam mai guba ya kai miligiram 3 a kilo, abin da ke ba fatar bagaruwa fifiko a kan wadda aka jeme da sinadari. Mai saye na waje zai nemi jaka hamsin su zama kamar an haife su rana ɗaya, zai kuma fara da shinshina ta farko da ya ciro daga kwali.